'Yar Tsanar Gobir Tana Bin Gona

An saba ɗora wa 'yar bebin roba laifin ɓacewar 'yar tsanar gargajiya. A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, babban laifin na bindiga ne.

'Yar tsana ba ta bukatar kuɗi, amma tana bukatar zaman gari. Bayan girbi yarinya kan tsinko karan dawa, ko ta sami ƙashin ƙafar dabba ta kankare, ta yi mata kitso da zare, ta roƙi ƙyalle wurin tela ta ɗaura mata zane. Daga nan sai biki: ƙawaye su taru, a jera kayan ɗaki da murafen kwalba, a kai amarya, a yi suna. A cikin wannan wasa take koyon goyo da gudunmawa da tsarin zumunci, tun kafin a kira su darasi.

Kowane mataki yana da sharaɗi: gonar da aka girbe, tela a kasuwa, dandalin da yara za su yi dare ba fargaba, da kakar da za ta gyara ɗaurin. Tun daga 2019 dubban iyalai suka tsere wa 'yan bindiga zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Gonar da ba a noma ba ba ta ba da kara.

Wani zai ce mai neman tsira ba ya zancen wasa. Gaskiya ne, abinci da tsaro ne a gaba. Sai dai ilimin da ba a rubuta ba yakan yanke cikin tsara guda. Al'ummar Klamath ta jihar Oregon a Amurka ta ɗanɗana haka: gwamnati ta soke matsayinta a 1954, ƙasarta ta suɓuce, kuma ko da aka maido matsayin a 1986, harshe da sana'o'in hannu sai da aka koma farfaɗo da su.

Gobir ta tsira daga faɗuwar Alƙalawa a 1808 domin mutanenta sun yi ƙaura da al'adunsu. Ya kamata masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da tsofaffin matan da ke gudun hijira, su naɗi yadda ake haɗa 'yar tsana da waƙoƙin bikinta, a bar jikoki suna kallo. Aikin bai wuce waya da damin kara ba.