Amsa Bayan Wa'adi Ihu Ce Bayan Hari: Tambayar da Hausawan Agege da Abule Egba Ya Kamata Su Yi

Akwai wata tambaya da ban taɓa jin an yi ta ba a duk lokacin da gwamnati ta yanke ƙyallen buɗe wani aiki mai aiki da kwamfuta. Mukan tambayi nawa aka kashe, wane kamfani ya yi, mutum nawa zai ɗauka. Ba ma tambayar cewa idan na'urar ta hangi haɗari, cikin daƙiƙa nawa za ta amsa, kuma wa ya tabbatar da hakan. Ni a ganina wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi ga wanda gidansa ko rumfarsa ke gefen titin jirgi ko kan bututun mai, kuma 'yan uwanmu mazauna Agege da Abule Egba a Legas suna cikin irin waɗannan mutane.

Bari in fara da bambance abu biyu, ya kai mai karatu. Kwamfutar da kake buga aikin jinga da ita, idan ta yi nawa, iyakarta ka yi tsaki ka jira. Amsar da ta ba ka bayan minti biyar tana nan da amfaninta. Amma akwai wasu kwamfutoci ƙanana da ba ma gani, waɗanda ke ɓoye cikin birkin mota, da danjar jirgin ƙasa, da injin taimaka wa numfashi a asibiti, da fanfunan bututun mai. Su waɗannan, amsa daidai da ta zo a makare daidai take da amsar da ba daidai ba. Ni ina kiran su kwamfutoci masu wa'adi, domin kowane aiki nasu yana da lokacin da dole ya kammala kafin ya cika. Kalmar ta ma zauna fiye da yadda na so, tunda Bahaushe idan ya ce wa'adin wane ya cika, kowa ya san abin da yake nufi.

Hausawa sun daɗe a Agege. Goro ne ya kai kakanninmu can, kuma titin jirgin da ya isa Kano a 1911 shi ya ƙara ƙulla igiyar. Daga baya ga shanu, ga mayankar Oko-Oba, ga gwanjon kasuwar Katangowa a wajejen Abule Egba. Shekara da shekaru mutane sun saba baje kaya dab da dogo, jirgi ya yi kuwwa a janye, ya wuce a mayar, domin tsohon jirgin ba ya sauri kuma ba ya yawan zuwa. Wannan zamani ya wuce. A watan Yunin 2021 aka buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan mai tsawon kilomita 157, wanda ke da tasha a Agege. A ranar 29 ga Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da Jan Layi na cikin gari, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ratsa Iju da Agege da Ikeja da Oshodi, ya kuma fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban wannan shekara. Abin lura shi ne jiragen nan hanya ɗaya suke bi. Na Ibadan, da na kaya daga Apapa, da na cikin gari mai tsayawa tasha-tasha, duk dole wani abu ya riƙa raba su kada wani ya hau kan wani.

Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma tun da ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin birki ya tsayar da shi. Saboda haka jinkirin daƙiƙa biyar wajen kunna jar fitila ko sauke shinge daidai yake da mita 110, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. Mun ga abin da 'yan daƙiƙoƙi ke jawowa ranar 9 ga Maris 2023, lokacin da jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas a mararrabar PWD da ke Ikeja, mutum shida suka rasu. A nan ba kwamfuta ce ta yi laifi ba; rahotanni sun nuna direba ne ya nemi ya riga jirgin tsallakawa. Gwamnati ta gina gadojin sama a Oyingbo da Yaba da Mushin da Ikeja don a raba mota da jirgi, kuma wannan abin yabo ne. To amma duk inda aka cire mai ɗaga tuta aka sa na'ura, nauyin da ke wuyan mutumin ya koma wuyan manhaja, ita kuwa ba a ganin ta balle a gane ko tana gyangyaɗi.

Wani zai ce ai ana gwada irin waɗannan na'urori kafin a miƙa su. Gaskiya ne, amma gwaji ba ya isa, kuma nan ne zuciyar maganata. Gwaji yana nuna maka abin da ya faru a ranakun da ka gwada. Haɗari kuwa yana zuwa ne ranar da ayyuka suka yi karo da juna ta hanyar da ba ta taɓa faruwa a ɗakin gwaji ba.

Ga misali daga wajen mai tsire. A ce yana da aiki biyu. Duk bayan minti 5 dole ya juya naman da ke bakin wuta, kuma juyawar na cin minti 2. Duk bayan minti 7 kuma dole ya gama sallamar wani ciniki da ke cin minti 4. Idan ka lissafa, a cikin kowane minti 35 aikinsa na minti 34 ne, har da rarar minti guda. Kowa zai ce lokaci ya ishe shi. To a ce ƙa'idarsa ita ce aikin da ya fi yawan zagayowa shi ne kan gaba. Daga farko zuwa minti na 2 yana juya nama. Daga na 2 zuwa na 5 yana kan ciniki, saura minti guda ya gama. Sai lokacin juya nama ya sake yi, ya bar ciniki har minti na 7. Bai gama sallamar ba sai a minti na 8, wa'adi ya riga ya wuce. Da a ce ƙa'idarsa ita ce ya fara da aikin da wa'adinsa ya fi kusa, da ya ƙarasa cinikin a minti na 6 kuma naman bai ƙone ba. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma tsarin fifiko ya raba nasara da asara.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Wasu masana biyu, Liu da Layland, sun tabbatar da shi da lissafi tun 1973. Sun nuna cewa a ƙarƙashin ƙa'ida ta farko, idan ayyuka biyu ne, tabbacin da ake da shi kai tsaye yana tsayawa ne a kusan kashi 83 cikin ɗari na ƙarfin na'ura, kuma idan ayyukan suka yi yawa sai ya sauko zuwa kusan kashi 69. Abin da ya haura haka yana iya yiwuwa, amma sai an bi aiki ɗaya bayan ɗaya an lissafa. Kafin ma a kai ga wannan, sai an san mafi tsawon lokacin da kowane aiki zai iya ci a rana mafi muni, ba matsakaicinsa ba. Kogin da matsakaicin zurfinsa iya gwiwa ne yana iya samun gurbin da zai haɗiye raƙumi. Kamfanin Airbus, alal misali, ya yi amfani da wata manhaja mai suna aiT ta wani kamfanin Jamus wajen lissafa wannan iyaka ga kwamfutocin tuƙin jirginsa A380. Jami'o'in Uppsala a Suwidin da Aalborg a Denmak kuma sun samar da UPPAAL tun cikin shekarun 1990, wadda ke bin dukkan hanyoyin da siffar tsari zai iya bi, da agogo a hannu, tana neman ko da guda ɗaya da wa'adi zai kuɓuce. Ashe ilmin yana nan, ba sabo ba ne.

Manyan ƙasashe ma sun sha wuya kafin su ɗauki darasi. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin Yaƙin Gulf, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Dalili kuwa agogon cikinta ne ke ɗan kuskure ƙanƙani a kowane bugu. Bayan awa 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai sulusin daƙiƙa, kuma a cikin sulusin daƙiƙa makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita, sai ta neme shi inda ba ya nan. Gyararriyar manhajar ta iso washegari. Fargar jaji ke nan.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na kumbon Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yulin 1997. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Abin da ya faru kamar haka ne: maigida na bukatar buta, butar tana hannun ƙaramin yaro da ya je cika ta, sai yayan yaron ya tare shi da nasa aike. Yayan ya fi yaron girma, don haka yaron ba zai ƙi ba. Maigida kuwa, wanda ya fi kowa, yana zaune yana jira. A cikin kumbon akwai wani ɗan agogo mai gadi, da ya ga babban aiki bai kammala kan lokaci ba sai ya sake tayar da komai. Maganin da aka aika daga nan duniya shi ne: duk wanda ke riƙe da butar maigida, to ya ari girman maigida har ya dawo da ita, ba mai tare shi. Injiniyoyin sun taɓa ganin alamar matsalar kafin a harba kumbon, suka ɗauka tangarɗa ce ta wucin gadi.

Mu dawo gida. Mutanen Abule Egba ba sa bukatar a ba su labarin Mars. Ranar 26 ga Disambar 2006 bututun mai ya kama da wuta a unguwar, sama da mutum 250 suka ƙone, Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu Ya ba iyalan kowa haƙuri. Ɓarayi ne suka fasa shi cikin dare, mai ya yi ta malala, jama'a suka taru da jarkoki a lokacin da ake fama da ƙarancin fetur. A watan Janairun 2020 wuta ta sake tashi a yankin. A nan wa'adin ba na daƙiƙa ba ne, tsakanin fasawa da tashin wuta an sami lokaci mai tsawo. Idan bututu ya fashe, faɗuwar matsin mai tana gudu cikinsa da saurin kusan kilomita guda a daƙiƙa, kuma akwai na'urorin da ke jin ta. Ƙaramar huda ta fi wuyar ganewa, sai an riƙa kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ko ta wace hanya, akwai sarƙa: na'ura ta ji, saƙo ya isa ɗakin kula, a kashe famfo, a rufe bawul, a sanar da 'yan kwana-kwana. Kowace gaɓa tana da lokacinta, kuma ana iya rubuta jimillarsu a takarda a ce ba za ta wuce minti kaza ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce matsalarmu ba ta lissafi ba ce, ta ɓarayin waya ce da ɗauke wuta da talauci da gangancin direbobi. Na yarda da rabin wannan. Babu lissafin da zai hana mai yunwa ɗibar fetur. Amma satar waya da ɗaukewar lantarki hujja ce gare ni, ba a kaina ba. Tsarin da aka yi wa tabbaci na gaskiya dole ya faɗi abin da zai yi idan saƙo bai iso kan lokaci ba, kuma ƙa'idar jiragen ƙasa tun da can ita ce shiru yana nufin tsaya: waya ta katse, fitila ta koma ja. Na'urar da aka lissafa mata yanayin Turai ko Sin, inda wuta ba ta ƙiftawa, sai an sake yi mata lissafi da yanayin Agege, da zafinsa da ruwan samansa da janaretonsa. Wasu kuma za su ce ajali idan ya zo babu makawa. Haka ne, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba.

Abin da nake kira gare shi ba babba ba ne. Duk kwangilar danja ko shingen jirgi ko kula da bututu, a sa sharaɗin cewa mai kwangila ya kawo takardar wa'adi: kowane aiki, iyakar lokacinsa, da hujjar lissafi. A ba wani daban ya duba, ba wanda ya ƙera ba, kuma sassan injiniya da na kwamfuta a Zariya da Kano da Legas suna da mutanen da za su iya koyon wannan aiki idan an ba su dama. A Turai an yi shekaru ana auna manhajar jiragen ƙasa da ƙa'idar EN 50128, ba sai mun ƙirƙiro daga tushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da rabonmu. Muddin maganar tana cikin Turancin injiniyoyi, mahauci a Oko-Oba da mai gwanjo a Katangowa ba za su san suna da haƙƙin tambaya ba. Idan muka sama mata kalmomi, muka kai ta rediyo, to ranar da hukumar LAMATA ko ta jiragen ƙasa ta kira taron masu ruwa da tsaki, wakilin Sarkin Hausawan Agege zai iya miƙewa ya ce: ranka ya daɗe, daga lokacin da na'ura ta ji jirgi zuwa lokacin da hanya ta rufe daƙiƙa nawa ne a rana mafi muni, wa ya duba lissafin, kuma me ke faruwa idan aka sace waya?