SHARHI: Funfunar Saiwa Da Kuɗin Gyaran Filayen Haƙar Ma'adinai

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a Jihar Zamfara. A 2015 aka sake ganin irin wannan masifa a Shikira ta Jihar Neja. Aikin da aka yi a Bagega a 2013 shi ne kankare ƙasar gidaje, a binne ta, a zuba sabuwa. Wannan ya ceci rayuka, amma aiki ne mai cin kuɗi, kuma babu baitulmalin da zai iya kankare dukan filayen da aka haƙa a ƙasar nan.

A nan ne ya kamata hukumomi su waiwayi wata halitta da ido ba ya gani. Wani nau'in funfuna ne da masana ke kira maikoriza, wanda ke zaune cikin saiwoyin akasarin tsirrai. Tsiro na ba ta sukari, ita kuma tana miƙa siraran zarurruka cikin ƙasa tana jawo masa ruwa da sinadarin fosfaras. A gurɓatacciyar ƙasa takan riƙe wani kaso na dalma a jikin zarurrukan da cikin saiwa, ta rage abin da ke hawa ganye. Da taimakonta ciyawa irin jema kan kama tudun da ya zama fako, iska ta daina kwasar ƙura zuwa gari.

Kada dai a ruɗi jama'a. Dalma ba ta ruɓewa. Ɗaure ta kawai ake yi a inda take. Filin da ya yi kore ba gonar alayyafo ba ce, ba kuma makiyaya ba, sai an killace shi.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyaran filaye, wanda masu lasisi za su riƙa zuba wa kuɗi. A ganinmu, daga nan ya dace a ɗauki nauyin jami'o'in Jos da Gusau su tattaro funfunar da ta riga ta saba da tsofaffin ramukan kuza da na zinariya, su yaɗa ta a gandun renon tsirrai. Ta gida ta san ƙasarta, kuma ba a neman dala kafin a same ta. Kamfanin da ya ƙi biyan kasonsa kuwa, kada Ma'aikatar Ma'adinai ta sabunta masa lasisi.