Ɗan Ƙarfe Ya Kwantar Da Motar Talaka

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, ku duba tashoshin ƙauyukanmu ku ga motocin da ke kai hatsi da tumatir kasuwa. Galibinsu tsofaffi ne, kuma har yau akwai Peugeot 504 da a-kori-kura 404 a cikinsu. Sau da yawa abin da ke kwantar da irin wannan mota bai kai ɗan yatsa girma ba, watau kwantak da kondansa.

Ga yadda aikinsu yake. Kwantak yana buɗewa ya yanke wutar batir da ke bi ta cikin kwayil, nan take kwayil ya haifar da wuta mai ƙarfi, distirbita ya raba ta ga fulogi. Kondansa kuwa shi ke hana bakin kwantak ƙonewa. In aka sa na jabu, kwantak ya ƙone, mota ta mutu a daji, tumatir ya ruɓe. Wa ya yi hasara? Direba da mai kaya.

To, ina na ƙwarai yake? Faransa ta bar ƙera 404 a 1975, ta bar 504 a 1983. Motocin zamani ba su aiki da kwantak, saboda haka masu ƙera nagari sun ragu. Sai mutum ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a miƙo masa gwanjo ko sabo wanda ba a san asalinsa ba.

Ai a Kaduna aka fara harhaɗa Peugeot a 1975, Gwamnati kuma ta sayar da yawancin hannun jarinta a 2006. Shekara 31 ke nan, amma ga mu muna jiran jirgin ruwa ya kawo mana ɗan ƙarfe! Mutanen Nnewi sun nuna ana iya ƙera kayan gyara a ƙasar nan. Me ya hana a taimaki maƙeranmu?

Muna kira Gwamnati ta tsare jabu tun daga bakin teku, ta kuma ba masu ƙananan masana'antu rance da lantarki. Ku kuma masu shaguna, ku ji tsoron Allah, ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da kuka ba shi. Direbobi, ku tafi da tsohon don gwadawa, ku canza kwantak da kondansa tare, ku tuna araha ba ta ado.

Allah ya ba talaka sa'a, amin.