SHARHI: Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, manyan makarantu a Kazaure da Babura amma ɗalibin sakandare na laluben hanya

Ba kowane yanki na Arewa ne ya tara manyan makarantun fasaha kamar arewa maso yammacin Jigawa ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ɗaya daga cikin jami'o'i huɗu da Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kafawa a 2021. Yaron da ya tashi a Roni ko Gwiwa ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya isa ƙofar ɗayansu.

Sai dai kusanci da ƙofa ba shi ne shiga ba. 'Yan siyasa kan lissafa waɗannan gine-gine cikin nasarorinsu, amma da wuya a ji suna maganar matakin da ake tantance wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje. Wannan mataki yana zuwa ne tun shekara uku kafin jarrabawar JAMB, a ranar da ɗalibi ya gama ƙaramar sakandare aka raba shi zuwa ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci.

Dalilin a fili yake. Mai neman karatun injiniya sai ya rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a JAMB. Mai neman aikin jinya a jami'a sai ya haɗa Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Dukansu kuma suna buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Ɗalibin da bai ɗauki fiziks da kemistiri a aji ɗaya na babbar sakandare ba ya rufe wa kansa waɗannan fannoni yana ɗan shekara 14 ko 15, sau da yawa ba tare da ya san ya yi hakan ba. Wani abokansa ya bi, wani tsoron lissafi ya kore shi, wata kuma makarantar da ke kusa da gidansu ce ba ta da malamin kimiyya.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi malaman ba da shawara da jagoranci a makarantu domin irin wannan rana. A makarantun gwamnati da dama, musamman na karkara, aikin ya tsaya a takarda, ko kuma an ɗora shi kan malamin da darussansa suka riga suka yi masa yawa. Ɗan ma'aikaci a cikin gari yana da yaya ko kawu da zai faɗa masa darussan da zai haɗa. Ɗan manomi a ƙauyen Gwiwa, wanda shi ne farkon shiga babbar sakandare a gidansu, ba shi da mai faɗa masa.

Asarar ba ta ɗalibi ɗaya ba ce. A tsarin ɗaukar ɗalibai na makarantun tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na tafiya ne bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin makarantar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, kuma Jigawa na cikinsu. Wato doka ta riga ta buɗe wa ɗan yankin hanya. Amma gurbi ba ya jiran wanda takardunsa ba su dace ba. Wani ne zai cike shi, ɗan gari ya koma acaba ko ya tafi ci-rani Kano ko Legas.

Ga waɗanda ba za su wuce sakandare ba, gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja a 2025, inda ta taƙaita darussan sana'a zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. A takarda, jerin ya dace da yankin da noma da kiwo suka zama ginshiƙin rayuwa, inda kuma ƙarancin lantarki ya sa sola ta samu kasuwa.

Tarihi ne ke sa a yi taka-tsantsan. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, an sayo injinan koyon fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka lalace a cikin akwatuna saboda rashin wuta da ƙwararrun malamai. A 2011 an sake shigo da darussan sana'a 34, makarantu da yawa suka zaɓi waɗanda za a iya koyarwa da alli kawai. Rage adadin zuwa shida ba zai sauya komai ba idan za a koyar da haɗa sola a ajin da babu faifan sola ko ɗaya.

Akwai kuma misalin abin da ya yi aiki. A 1977, lokacin da Kazaure da Babura ke cikin tsohuwar Jihar Kano, an buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. An zaɓo yara da wuri, an ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma daga cikinsu aka samu ɗimbin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke alfahari da su a yau.

Abin da ake buƙata yanzu bai kai tsadar gina jami'a ba. Kwalejin Kazaure da jami'ar Babura za su iya buɗe ɗakunan aikinsu ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare kafin a raba su, su kuma tura malamansu su yi wa iyaye bayani da Hausa. Ma'aikatar ilimi za ta iya haɗa makarantu da teloli da masu gyaran waya da masu haɗa sola na cikin gari, domin ɗalibi ya riƙe kayan aiki da hannunsa. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin huɗu za su iya ba da hutunsu ga ƙannensu.

Matasan da ke muhawarar siyasa a Facebook kuma suna da tambayoyin da ya kamata su miƙa wa gwamnatin Umar Namadi da wakilansu a majalisa: makarantu nawa ne a Roni da Gwiwa ke da malamin fiziks da ɗakin gwaji mai aiki, nawa ne ke da malamin jagoranci, kuma 'yan yankin nawa ne suka samu gurbi a Kazaure da Babura a bara? Amsoshin ne za su nuna ko waɗannan makarantu na 'ya'yan yankin ne, ko kuwa filin kawai suka bayar.