Masu nutso don nishaɗi na ƙirga kansu, mu ba ma ƙirga fasinjojinmu

Akwai wani nau'in yawon buɗe ido da yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a waya. Mutane kamar ashirin ko talatin za su shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da kicin, su yi mako guda a tsakiyar teku ba su taka ƙasa ba. A jirgin suke ci, a nan suke kwana. Sau uku ko huɗu a rana sukan goya tukunyar iska su nutsa don kallon kifaye da murjani a gefen tsibiran da ba kowa ke zaune a kansu ba.

Wannan harka ba ta yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. A Bahar Maliya, wadda kakanninmu suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda don aikin Hajji, an daɗe ana yin ta. Daga Port Sudan, garin da har yau Hausawa ke zaune a cikinsa, jirage sun sha kai masu nutso Sanganeb, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Kusa da nan ne jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance a ƙarƙashin ruwa tun 1940.

Ba kiran mutanen Ƙaura Namoda nake yi su tara kuɗi su tafi kallon kifi ba. Wanda bai iya zuwa gonarsa ba saboda 'yan bindiga, ina shi ina hutu a teku? Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin da waɗannan mutane ke bi kafin ƙafarsu ta taɓa ruwa.

Ba a yarda ka nutsa sai ka nuna takardar horo. Mai takardar farko ba ya wuce zurfin mita 18, ƙwararren mai nishaɗi kuma iyakarsa mita 40. Dalili shi ne duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma wanda ya taso da gaggawa zai iya shanyewa ko ya mutu. Shi ya sa sukan tsaya minti uku a zurfin mita biyar kafin su fito. Ba wanda ke shiga shi kaɗai, kowa da abokinsa. Kafin shiga jagora zai bayyana inda ruwa ke ja da inda za a haɗu. Bayan an fito a kira suna ɗaya bayan ɗaya, jirgi ba ya motsawa sai lissafi ya cika.

Duk da haka su ma ƙaddara na faɗa musu. A ranar 25 ga Nuwamba 2024, jirgin masu nutso mai suna Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar. Amma tun ranar farko hukumomi suka ce mutum 44 ne a ciki, an san ƙasar kowa. Da aka ceto kashin farko, an san nawa suka rage, aka ci gaba da nema. Washegari masu nutso na sojojin ruwan Masar suka fito da wasu da rai daga cikin jirgin, inda suka maƙale a wani lungu mai sauran iska fiye da kwana guda. A ƙarshe hukumomi suka ce mutum 33 suka tsira.

Yanzu mu dawo gida. A watan Satumbar 2024 kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife kusa da Gummi, a nan jiharmu ta Zamfara. Wasu rahotanni suka ce fiye da 40 suka mutu, wasu suka ce fiye da 60. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna ciwon. Ba wanda ya rubuta sunan kowa a bakin ruwa, don haka ba wanda zai iya cewa ga ranar da nema ya ƙare. Waɗanda suka faɗa ruwan don ceto kuwa 'yan gari ne masu ninƙaya, daga su sai gajeren wando da numfashin ƙirjinsu.

Duk wanda ya tashi a Ƙaura ya san halin gulbin Gagare. Da rani yashi ne, yara na ƙwallo a kai. Da an shiga Agusta sai ya zama wani abu daban. Haka Bunsuru yake a ɓangaren Zurmi, kuma su biyun ne ke gangarawa ta yankin Shinkafi su haɗu su shiga Rima. A watannin nan uku ko huɗu manomi, da 'yar kasuwa, da mai naƙuda, duk kwale-kwale ne gadarsu. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin mutanen da ke gudun hari ba sa tsayawa tambayar mutum nawa jirgi ke ɗauka.

Gwanintar ruwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muna da Sarkawa, muna da sarautar Sarkin Ruwa, kuma duk wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu ya ga gasar nutso a Matan Fada. Abin da muka rasa shi ne tsari da kayan aiki. Harrison Okene, ɗan Najeriya mai dafa abinci a jirgin da ya nutse a tekunmu a watan Mayun 2013, ya yi kusan awa 60 a zurfin mita 30. Masu nutso da ke da horo da kaya ne suka fito da shi da rai.

Wani zai ce, ruwanmu ja ne, mai nutso ba zai ga tafin hannunsa ba, kuma mutumin da ya nutse ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Kafin a kawo tukunyar iska daga Gusau an gama. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ban sa kayan nutso a farkon buƙatuna ba.

Na farko shi ne littafi da biro a kowace mashaya. A rubuta sunan mai shiga, a rubuta a jikin kwale-kwale adadin da yake ɗauka. Hakimi da Sarkin Ruwa za su iya tilasta wannan gobe ba tare da jiran Abuja ba.

Na biyu rigar kariya. Ba a raba ta ranar biki a ɗauki hoto ba, a ajiye ta a mashaya a hannun mai jirgi, wanda bai sa ba kada ya hau. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da wannan doka a rubuce. Sauran a gan ta a bakin gulbi.

Na uku, ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi su zaɓi matasa daga gidajen masunta, a koya musu ceto da farfaɗo da wanda ya sha ruwa, a ba su igiya, fitila, da jirgi mai inji, a sa su cikin albashi na watannin damina. Su ne ke kusa a mintunan da ake iya ceton rai. Daga cikinsu ne za a ɗauki kaɗan a horar da su nutso da tukunya, domin ko ba a sami mutum da rai ba, iyalinsa na da haƙƙin su yi masa sutura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021. Namu da yawa ba su ma shiga wannan lissafi ba, don ba a rubuta su ba. Ajali idan ya zo ba makawa, mun yarda. Amma Bature mai zuwa kallon kifi bai fi manomin Zurmi daraja ba, da za a kira sunansa sau huɗu a rana, shi kuwa namu a bar shi a “kimanin mutum kaza”.

Damina na dawowa. Kafin Gagare ya cika, kowane shugaban ƙaramar hukuma ya gaya mana mashayu nawa ke yankinsa, da riguna nawa ke ajiye a kowace.