Daga Goran Argungu Zuwa Jarkar Kududdufi

 

A makon da ya wuce, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, mun bi ta gefen wani kududdufi a bayan garin Gumel. Yara sun fi goma a ciki. Wani ya rungume jarkar mai da babu komai a cikinta, wani ya shige cikin tsohon tiyub na mota, wani kuma ya ɗaure robobin lemo guda huɗu da tsumma ya sa a ƙirji. Mun tsaya muna kallo, domin mu ma haka muka yi a lokacinmu. Har yau ba mu manta ranar da murfin jarkar wani abokinmu ya ɓalle a tsakiyar ruwa ba. Da wani mai yin bulo bai miƙa masa doguwar sanda ba, da labarin ya zama wani daban.

Mu mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba mu da teku, ba mu da babban kogi. Ruwanmu na wasa shi ne kududdufin damina. Duk da haka, abin da yaran nan suke yi da jarka shi ne tushen wata babbar sana'a a duniya, wato ƙera kayan shiga ruwa: na masu nutso da na masu hawan igiyar ruwan teku a kan allo. Yau za mu leƙa wannan kasuwa, mu ga yadda ta bunƙasa, da matsalar da ta haifar, da abin da ya shafe mu a ciki.

Mu fara da hawan igiyar ruwa. Mutum yakan kwanta a kan dogon allo, ya shiga teku, ya jira igiyar ruwa ta taso, sai ya miƙe tsaye ta kwaso shi zuwa gaɓa. An fi danganta wasan da mutanen tsibiran Hawayi, waɗanda suke sassaƙa allunansu da itace. Amma Afirka ta Yamma ma tana da nata tarihin. A shekarar 1834 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a gaɓar Akara ta ƙasar Gana ta yau suna hawan igiyar ruwa da ƙananan alluna. Yanzu haka ana yin wasan a Tarkwa Bay da ke Legas, da Busua a Gana, da tsibirin Ngor a Dakar. A Senegal ɗin ne Khadjou Sambe ta yi suna a matsayin mace ta farko a ƙasar da ta riƙi wasan sana'a. An fara saka shi a gasar Olamfik a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, aka sake yi a na Faris a 2024. Duk wasan da ya shiga Olamfik kuwa, masu koyonsa sukan ƙaru, masu sayar da kayansa su ma su ƙaru.

Shi ma nutso haka ne. Tun fil azal mutane suna riƙe numfashi su nutse. Abin ya canja a 1943, lokacin da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, daidai gwargwadon matsin ruwan da ke kansa. Ga abin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe: duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsewa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. Wato a zurfin mita 10 matsin ya ninka biyu, iskar da ke huhun mai riƙe numfashi ta takure zuwa rabin girmanta. Shi ya sa kunne yake ciwo idan an nutsa. Daga wannan na'ura ce nutso ya zama sana'a da yawon buɗe ido. Ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso, wadda aka kafa a 1966, ta ba da takardun shaida sama da miliyan 25. Garuruwa irin su Sharm el-Sheikh na Masar, a bakin Bahar Maliya, da baƙi masu nutso suke cin abinci.

To, ina matsalar take? Tana cikin abin da ake yin kayan da shi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska take yi sau wajen 25, don haka mai daɗewa a ruwan sanyi yana buƙatar riga ta musamman. Ana yin wannan riga da wata roba da ake kira niyofirin, wadda masanan kamfanin DuPont na Amurka suka samar a 1930. Robar cike take da ƙananan kumfa na iska, su ne suke tare sanyi. Amma yawancinta daga man fetur ake samo ta, ba ta ruɓewa, kuma sake sarrafa ta yana da wuya. Sinadarin da ake haɗa ta da shi ma, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya shi a 2010 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji. Allon hawan igiya shi ma ya bar itace ya koma soson roba da ake lulluɓewa da zaren gilashi da gam. Idan ya karye, sai bola. Haka tarun kamun kifi na nailan: idan ya tsinke ya ɓace a ruwa, yakan yi shekaru yana kama kifi da kunkuru ba tare da kowa ya amfana ba.

Abin kunya ne ga masu wannan wasa, domin su ne suka fi kowa son ganin teku mai tsabta, ga shi kuma kayansu suna cikin masu ƙazanta shi. Wannan ya sa kasuwar ta fara juyawa. A 2016 kamfanin Patagonia ya daina amfani da niyofirin a rigunansa na ruwa, ya koma ga robar da ake tatsa daga itace. Wani kamfani mai suna Bureo ya fara tattara tsofaffin taruna daga masunta a ƙasar Chile yana narkar da su ana yin sababbin kaya. Wasu maƙera sun koma yin allo da itace mara nauyi. Wasu kuma sun buɗe wuraren gyara, domin rigar da ta yage a ɗinke ta maimakon a jefar. Sai dai mu yi hattara, ba duk kamfanin da ya rubuta cewa kayansa ba sa cutar da muhalli ne yake faɗin gaskiya ba, wasu talla ce kawai. Kuma irin waɗannan kaya galibi sun fi tsada, shi ya sa canjin yake tafiya a hankali.

Yanzu mu dawo gida. Idan muka tara dabarun nan wuri guda, uku ne: a yi kaya da abin da ƙasa take fitarwa, a gyara idan ya lalace, in ya ƙare kuma ya koma ƙasa ya ruɓe. Wannan bai yi muku kama da wani abu da muka sani ba?

Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Dubban masunta suke faɗawa kogin Matan Fada, kowa da homarsa da ƙaton goransa. A kan goran masunci yake kwanciya ya yi ta yawo a ruwa, a cikinsa kuma yake zuba kifin da ya kama. A wasannin Kabanci har gasar nutso ake yi da ta kama agwagwar ruwa da hannu. Kusa da mu ma, masuntan kogin Haɗejiya da fadamun da suka miƙa har Nguru sun san gora sarai. Daga ina goran nan ya fito? Daga duma, irin wanda yake yaɗo a gonakinmu da kan danga. Idan ya tsage, a kai wa gyartai ya ɗinke. Idan ya gama aiki, gara ta cinye shi ya zama taki. Abin da manyan kamfanoni suke kashe kuɗi suna nema yanzu, kakanninmu sun daɗe da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma mu me muke yi? Ku zaga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku ƙirga rumfunan kayan roba, sannan ku ƙirga masu sayar da ƙwarya da gora. Roba ta fi araha, ba ta fashewa da wuri, ba za mu yi musun amfaninta ba. Sai dai idan ta tsufa ba ta da wurin zuwa. Ita ce take toshe magudanun ruwa, ita ce take cika kududdufin da aka bari domin ya shanye ruwan unguwa, ita ce leda da awakinmu suke haɗiya ta kashe su. Matsalar da ake kuka da ita a teku, mu ma muna da tamu a ƙofar gida.

Akwai kuma maganar rai, wadda ta fi komai. Me ya sa jarka take ɗaukar mutum? Ka'idar Arkimidis ce da kuke karantawa a aji: ruwa yana tura abu sama da ƙarfin da ya kai nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka jarka mai lita 20, in an rufe ta ruf aka danna ta duka cikin ruwa, ruwan zai tura ta sama da ƙarfin kilo 20. Wannan ya ma fi na wasu rigunan ceto. To me ya sa ba za a dogara da ita ba? Domin rigar ceto a jiki ake ɗaure ta, kuma mai kyau an yi ta ne yadda za ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Ita kuwa jarka riƙe ta ake yi da hannu, tana da santsi, murfinta yana iya kwancewa, rana kuma tana busar da robar har ta tsage. Tiyub yana sacewa. Shi kansa goran, a hannun masunci da ya tashi cikin ruwa yake da amfani. Haɗarin duk waɗannan shi ne suna kai wanda bai iya iyo ba wurin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Kududdufi kuma ba shi da amana. Rami ne da aka haƙa ana ɗiban ƙasar gini, don haka nan ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Ga kuma tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, da ake ɗauka a ruwan da yake kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kai. Mu nan Jigawa ba sai an ba mu labari ba, mun ga ambaliyar 2022, kuma da wuya damina ta wuce ba mu ji kwale-kwale ya kife da mutane ba.

Ga abin da muke roƙonku. Kada ku shiga kududdufi, musamman ku kaɗai ko bayan an yi ruwa mai yawa, kuma ku hana ƙannenku. In kun ga wani yana nutsewa, kada ku faɗa ruwan, domin mai nutsewa yakan danne wanda ya zo cetonsa. Ku yi ihu a kawo ɗauki, ku miƙa masa doguwar sanda kuna kwance a gaɓa, ko ku jefa masa igiya. A nan ne jarka take da rana: a rufe ta da kyau, a ɗaura mata igiya, a jefa masa, a jawo shi. In tafiya ta kai ku ga shiga kwale-kwale, ku nemi rigar ceto, kuma kada ku shiga wanda aka cika fiye da kima. Iya ruwa fid da kai.

Ga masu tunanin gaba kuma, akwai abin yi. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita sama da 800, tana da itatuwan roba a jihohi irin su Edo da Delta da Kuros Riba, kuma tun 2023 tana da ma'aikatar tarayya ta musamman kan harkokin teku. Masunta da fasinjojin koguna suna buƙatar rigunan ceto masu araha. Wa zai ƙera su? Babu abin da ya hana ya zama ɗalibin kimiyya ko na fasaha daga Gumel, wanda ya san duma tun yana yaro kuma ya koyi lissafin Arkimidis.

Aikin wannan mako: ku sami ƙaramin gora da robar lemo masu kusan girma ɗaya, ku sa su a baho cike da ruwa a gida, ku riƙa zuba yashi a cikinsu da cokali kuna ƙirgawa har kowanne ya nutse. Wanne ya fi ɗaukar kaya, kuma me ya sa? Sannan ku tambayi wani dattijo a unguwarku ko har yanzu akwai gyartai a garinku. Ku rubuto mana abin da kuka samu, za mu buga amsoshin da suka fi kyau.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.