Daga Bakin Zaure: Kwalekwalen Duwala Da Akwatin Malam

  Waɗanda suka nemi shafin a fitowar da ta gabata ba su same shi ba, muna neman afuwarsu. Ɗaurin auren wata ƙanwarmu ne ya kai mu Duwala: mota daga Garwa zuwa Ngaundare, kwana guda cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sa'an nan wata motar ta ƙarasa da mu.

Da aka kai amarya ɗakinta, sai yini guda ya rage mana. 'Ya'yan yayanmu su uku, waɗanda ba su taɓa wuce Ngaundare ba, suka matsa lallai sai an kai su sun ga teku. Mai masaukinmu a unguwar Nubel ya yi dariya, ya ce a Duwala kogin Wuri ake gani, mai son teku sosai sai ya tafi Limbe ko Kiribi. Amma ya ce akwai gidan tarihin teku a Bonanjo, can ya fi dacewa da yara. Muka yi jim, domin mu da muka tashi a zauren liman mun saba jin ana kiran irin waɗannan wurare gidan gumaka. Muka buga wa Malam waya. Ya ce, "Ku je mana. Wanda ya je ya durƙusa wa itace daban, wanda ya je ya ga yadda mutanen da suka yi rayuwarsu domin ya wa'azantu daban."

Ginin kansa siffar jirgin ruwa aka yi masa. Hukumar masu shigo da kaya da fitar da su ta ruwa, wadda ake kira CNCC, ita ta gina shi, aka buɗe shi a 2013. A ciki akwai ƙananan jirage da aka ƙera don kwaikwayon manya, da kwalekwale irin na mutanen bakin ruwa, da kayan kamun kifi, da na'urorin da matuƙa ke gane hanya da su, da tsofaffin hotunan tashar jiragen ruwa tun tana ɗan guntun gaɓa. A nan yaran suka fahimci cewa shinkafar da ake dafa musu, da babur ɗin mahaifinsu, mafi yawa ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ta nan ne kayan Cadi da na Afirka ta Tsakiya ke bi. Da yake tashar cikin bakin kogi take, kullum sai an yi ta yashe hanyar jirage, abin da ya sa aka buɗe mai zurfi a Kiribi a 2018. A nan kuma suka ji asalin sunan ƙasarsu: wajajen 1472 wani matuƙi ɗan Fotugal, Fernando Po, ya shigo bakin Wuri, ya tarar da jatan lande birjik, aka sa wa kogin suna kogin jatan lande da harshensu, wato Rio dos Camarões. Daga nan Kamaru ta samo suna. Yaran suka yi ta dariya, wai ashe ƙasa guda sunan abin miya gare ta.

Inda muka fi daɗewa shi ne gaban kwalekwalen tsere na Duwalawa, dogaye, masu ɗaukar gomman matuƙa. A goshin irin wannan kwalekwale ake ɗaura wani sassaƙaƙƙen katako mai launuka, da suke kira tange, wanda shi ne tambarin gidan sarautar da ta mallaki jirgin. Ganinsa ya tuna mana da abin da muka karanta tun muna sakandare, muka tsaya muka ba yaran labarin.

Ranar 12 ga Yuli 1884 Sarki Bel da Sarki Akwa suka sa hannu a yarjejeniya da 'yan kasuwar Jamus, bayan kwana biyu Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus a bakin Wuri. Jakadan Ingila ya iso bayan 'yan kwanaki, ya tarar an riga an gama. Amma sarkin hayin kogi, inda ake kira Bonaberi, wato Lok Piriso, ya ƙi sa hannu. A watan Disamba na wannan shekara jiragen yaƙin Jamus suka yi wa garinsa ruwan wuta. Kafin a cinna wa gidansa wuta, wakilin Jamus, Max Buchner, ya shiga ya ɗauke tangen sarkin. A 1885 aka kai shi gidan tarihi na birnin Munik, ya shafe shekara fiye da 130 a can, jikan sarkin kuwa, Farfesa Kum'a Ndumbe na Uku, ya yi shekara da shekaru yana rubuce-rubuce yana neman a maido da shi. Babban yaron, wanda ya yi nisa a allo, ya ce wannan ya yi kama da sarkin nan mai ƙwace jiragen miskinai da ke cikin Suratul Kahfi. Ba mu ce masa ya yi kuskure ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A cikin yarjejeniyar 1884 an rubuta cewa filayen da Duwalawa ke zaune a kai da gonakinsu suna nan a hannunsu. Bayan shekara kusan talatin, Jamusawa suka ce a kwashe su daga tudun Bonanjo, a bar wa Turawa, a mayar da su can baya cikin fadama, wurin da aka sa wa suna Sabuwar Bel, wato Nubel. Sarki Rudolf Duwala Manga Bel ya ɗauko wannan takarda ya kafa hujja da ita, ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus. Suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914, tare da sakatarensa Ngoso Din. Takardar ba ta cece shi daga igiya ba, amma da ita ne yau ko ɗan firamare zai iya nuna wanda ya warware alkawari. Ga shi kuwa ƙasar da muke tsaye a kanta ita ce wadda aka kore su daga kai, unguwar da muka kwana kuma ita ce inda aka nufi zuba su, daga baya ta zama masaukin baƙi, har da unguwar Hausawa.

Muna shirin fita sai ƙaramar cikinsu ta ja mana hannun riga, ta ce, "Baffa, to mu ina namu?"

Mun rasa amsa. Ba don ba mu da abin nunawa ba. Kakanninmu ba su zo wannan ƙasa da kwalekwale ba, da ƙafa suka zo, da jaki da mangala, ayari guda ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba yana duba hanya. Su suka bi ta Yola da Banyo da Tibati da Yoko, suna kai tufafi da kanwa, suna komowa da goro da hauren giwa, daga baya da roba. Duk inda suka yada zango suka daɗe, nan masallaci ya tashi da makarantar allo. Garwa ma tana da tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, inda a da, cikin watannin damina, jirage kan ɗauki auduga da gyaɗa su gangara Najeriya. Tsofaffi sun yi dako a wurin, amma yaranmu ba su san an yi ba. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, manyan motoci suka karɓe hanya, taiki da salka da burgame suka koma bayan ɗaki, ruwa ya ci wasu, yara suka yi wasa da saura. Duwalawa dai an ƙwace musu nasu da bindiga, suna da wanda za su kai ƙara. Mu wa za mu kai ƙara?

Kada masu karatu su ɗauka wasu muke yi wa faɗa. Da hannunmu muka yi. Shekarun baya, lokacin da aka rushe tsohon zaure za a yi na siminti, an fito da buhu guda na tsofaffin takardu. Muka ga akwai sunan Allah a jikinsu, muka ji tsoron kada a tattaka, muka haƙa rami muka ƙone su da kyakkyawar niyya, ba tare da mun zauna mun duba ko guda ba. Girmama sunan Allah wajibi ne, ba mu ja da wannan ba. Amma yagaggen shafin bugaggen littafi, wanda akwai dubbansa a kasuwa, ba ɗaya yake da wasiƙar da kaka ya rubuta da alƙalamin kara ba, wadda babu ta biyunta a duniya. A watan Janairun 2013, da aka ji an ƙone ko an kwashe littattafan hannu kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbuktu, har huɗuba aka yi a masallatanmu. Alhali abin da ake ƙonawa a bayan gidajenmu a hankali, buhu bayan buhu, ba wanda ya taɓa yi masa huɗuba.

Saboda haka mun yi magana da shugabannin ƙungiya, sun kuma amince. Duk mai tsofaffin takardun ajami ko na Larabci, ko gafaka, ko kurtun tawada, ko ma'aunin fatauci da ya gada, kada ya ƙona, kada ya sayar wa mai yawon sayen tsofaffin kaya. Ya zo da su zauren masallaci ranar Asabar bayan la'asar. Ba za a karɓe wa kowa kayansa ba: za a karanta, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan mai su da na wanda ya bar su, ya koma gida da abinsa. Kafin nan a ɗaga su daga ƙasa, a nesanta su da bango mai laima, kada a liƙa musu salatef, kada kuma a kai su a rufe da roba mai zafi, domin wannan ba ya warwaruwa. Muna roƙon iyayenmu mata musamman, don sau da yawa a ƙarƙashin gadonsu akwatunan suke.

Mu ma da muka dawo Garwa mun roƙi Malam ya buɗe akwatin ƙarfen mahaifinsa, wanda ya tsira daga wancan rami don yana ɗakinsa. Gara ta riga mu, ta cinye kusan sulusi. A cikin abin da ya saura akwai lissafin bashin goro, da wasiƙu guda bakwai cikin ajami. Yaran nan uku suna karanta Faransanci, biyu suna karanta Alƙur'ani, amma babu wanda ya iya haɗa layi guda na rubutun kakan mahaifinsu. Malam ya sa tabarau ya karanta musu ɗaya, wadda aka aiko daga Banyo: gaisuwa, da labarin jakuna biyu da suka mutu a hanya, da saƙo cewa idan damina ta wuce a aika da rabon gadon wata gona zuwa garinsu na asali. Daidai wurin sunan garin gara ta huda. Malam ya juya takardar, ya ɗaga ta wajen haske, ya ce harafin farko ya yi kama da kaf, sauran kuwa shi ma bai taɓa tambaya ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.